Pokémon ko Yu-Gi-Oh!: Amsoshin Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mana a Birnin Kebbi

Mu 'yan kaɗan ne masu buga waɗannan katuna a Birnin Kebbi, ko tabarma biyu ba mu cikawa. Ranar Asabar bayan la'asar muke haɗuwa a zauren gidan ɗaya daga cikinmu, kuma da wuya mu tashi ba a samu wanda ya leƙo ya tsaya a kanmu yana kallo ba. Wani ya ɗauka karta ce, wani ya ce hotunan katun ne na yara, wani kuma labari ya ji na katin da aka saya da miliyoyin daloli, ya zo jin ko muna da irinsa. Tambayoyin kusan ɗaya ne kullum, shi ya sa na tara su wuri guda. Na buga wasannin biyu, kuma akwai wanda na fi so. Idan an zo wurin zan faɗa.

Me ya raba waɗannan katuna da karta ko Whot?

A Whot kati 54 ne, kuma wanda aka saya a Jega shi ne irin wanda aka saya a Yawuri. A tsakiya ake ajiye su, kowa ya ja daga wuri ɗaya. A nan kuwa kowane ɗan wasa da daminsa yake zuwa, wato tarin katunan da shi da kansa ya zaɓa daga cikin dubban da kamfani ya buga. Kamfanin kuma bai daina bugawa ba, sau da yawa a shekara yake fito da sababbi. Don haka tun daga gida ake fara wasan, lokacin da mutum yake zaune yana auna wanne zai sa a dami, wanne zai cire. Ana sayar da katunan cikin fakiti a rufe, wasu suna da yawa kamar ƙasa, wasu kuma sai an buɗe fakiti da dama kafin a ga guda. Daga nan tarawa da musaya suka samo asali.

Wani masanin lissafi Ba'amurke, Richard Garfield, shi ya fara kawo wannan tsari a 1993 da wasansa Magic: The Gathering. Waɗannan biyun bayansa suka biyo.

Daga ina suka fito?

Duka daga Japan. Pokémon ya fara ne a matsayin wasan na'urar Game Boy a farkon 1996, katunansa suka fito a watan Oktoba na shekarar, suka isa Amurka a 1999. Sunan gajarce ne na kalmomi biyu masu ma'anar dodannin aljihu. Wanda ya ƙirƙiro shi, Satoshi Tajiri, yana yaro sana'arsa ke nan kamun ƙwari yana tarawa, kamar yadda yaranmu suke bin fara da gyare. Halittu 151 aka fara da su, yanzu sun haura 1000. Zuwa Maris 2024 kamfanin ya ce ya buga kati fiye da biliyan 64.

Yu-Gi-Oh! kuma labarin zane ne da Kazuki Takahashi ya fara a wata mujalla a 1996, sunan yana nufin sarkin wasanni. Wasan kati ɗaya ne kawai daga cikin wasannin da ake yi a labarin, amma masu karatu suka nace masa har ya cinye sauran. Kamfanin Konami ya mayar da shi kati na zahiri a 1999, na Turanci ya fito a 2002. A 2011 kundin Guinness ya rubuta cewa an sayar da fiye da biliyan 25. Takahashi ya rasu a watan Yuli na 2022.

Yaya ake buga Pokémon?

Ka ɗauke shi kamar kokawa. Kowane ɓangare yana da ɗan kokawa guda a fili, da wasu har biyar a benci suna jiran layi. Daminka kati 60 ne cif, ba ƙari ba ragi, kuma ba a sa kati mai suna ɗaya fiye da huɗu, sai katin kuzari na gama-gari, shi ko nawa ne. Bayan an cakuɗa sai ka ja bakwai a hannu, ka kife shida a gefe. Waɗannan shidan su muke kira ganima. Duk lokacin da ka kayar da Pokémon ɗin abokin karawarka sai ka ɗauki ɗaya daga cikin ganimarka. Wanda ya riga kwashe shidansa ya ci. Haka kuma idan ka share masa fili da benci, ko katin ja ya ƙare masa.

Kati iri uku ne: su Pokémon ɗin kansu, katin kuzari, da katin mai horarwa, wanda ke ba ka damar jan ƙarin kati, ko warkar da rauni, ko jawo wani daga bencin abokin karawa zuwa fili ko yana so ko ba ya so. Pokémon ba ya kai hari sai an loda masa kuzarin da harin yake bukata, kuma kuzari guda kawai ake liƙawa daga hannu a kowane zagaye. Girma ma daki-daki yake: Charmander ya zama Charmeleon, shi kuma ya zama Charizard, ba a yin biyu a zagaye ɗaya. Akwai kuma wanda ya fi ƙarfin wani ta jinsi: ruwa yana kashe wuta, wuta tana cin ciyawa, kuma idan ka dace da lagon abokin gaba dukan ninki biyu yake zama. Manyan katuna masu alamar ex suna da ƙarfi, amma idan aka kayar da su ganima biyu ake ɗauka, wasu ma uku. Wanda ya fito da babban ɗan kokawa ya san faɗuwarsa za ta yi ƙara.

Yu-Gi-Oh! fa?

Shi yaƙi ne. Kowa yana farawa da makin rai 8000, burinka ka mayar da na abokin karawarka sifiri. Dami daga kati 40 zuwa 60, amma gwanaye kusan duk a 40 suke tsayawa don katin da suke nema ya riƙa zuwa hannu da wuri. Kati mai suna ɗaya ba ya wuce uku. Ana fara wasa da biyar a hannu. Akwai ƙaramin dami na daban, har kati 15, inda manyan dodanni suke kwance sai an cika sharaɗin kiransu.

Nan ma iri uku ne: dodo, sihiri mai launin kore, da tarko mai launin shunayya. Lissafin faɗan ba wuya. Blue-Eyes White Dragon yana da ƙarfin hari 3000, Dark Magician yana da 2500. Idan na farkon ya auka wa na biyun alhali shi ma a tsayen hari yake ba na kariya ba, na biyun ya tafi maƙabarta, wato inda ake tara katunan da suka fita daga fili, mai shi kuma ya rasa 500 daga ransa. Dodo mai tauraro 5 ko 6 a jikin katinsa sai ka sadaukar da dodo guda da ke filinka kafin ka fito da shi, mai 7 zuwa sama sai biyu. Tarko kuwa kife shi ake yi a bar shi ya kwana, sai abokin karawa ya tako ka buɗe. Mirror Force shi ne wanda kowa ya sani: mutum ya taso da rundunarsa cikin alfahari, ka juya kati guda, duk dodanninsa da ke tsayen hari su hallaka, dara ta ci gida. Akwai kuma Exodia, wanda aka raba shi gida biyar, kai da hannaye da ƙafafu. Wanda ya haɗa biyar ɗin a hannunsa ya ci nan take, ko da saura masa maki 100.

Wannan shi ne wasan da waɗanda suka kalli katun ɗin suna yara suke tunawa. Na yau ya wuce nan nesa.

To ina ainihin bambancin yake?

A birki yake. Pokémon yana da birki, Yu-Gi-Oh! ba shi da shi, kuma duk sauran bambance-bambancen daga nan suka tsiro.

Kati biyu za su nuna maka. A Yu-Gi-Oh! akwai Pot of Greed, aikinsa ɗaya tak: ka ja kati biyu. An haramta shi a gasa shekara da shekaru. A Pokémon akwai Professor's Research: ka zubar da abin da ke hannunka ka ja bakwai sababbi, kuma halal ne, har huɗu ake sawa a dami. Me ya sa jan biyu ya zama laifi a can, jan bakwai bai zama komai ba a nan? Saboda a Pokémon ko hannunka ya cika ya batse, kuzari guda za ka liƙa, irin wannan katin mai horarwa guda za ka buga, hari guda za ka kai, zagayenka ya ƙare. A Yu-Gi-Oh! yawancin katuna ba su da kuɗin shiga. Abin da ke hannunka shi ne ƙarfinka, kuma yanzu-yanzu za ka iya zuba shi. Kiran dodo na al'ada sau ɗaya ne a zagaye, amma kira na musamman ba shi da iyaka, kuma Konami ya yi ta ƙara hanyoyinsa: Synchro a 2008, Xyz a 2011, Pendulum a 2014, Link a 2017, ban da Fusion da Ritual na tun farko.

Sakamakon haka, gwanin Yu-Gi-Oh! na zamani yana iya ɗaukar minti goma a zagayensa na farko. Wannan kati ya kira wancan, wancan ya tono wani daga maƙabarta, a haɗa biyu a fito da na uku, kai kana zaune hannu a haɓa. Kafin layi ya zo kanka ya gina katangar dodannin da za su soke duk abin da ka taɓa. Sau da yawa a zagaye biyu ko uku ake sanin wanda ya ci. Maganin da aka samo shi ne katunan da ake jefawa daga hannu a tsakiyar zagayen abokin karawa, irin su Ash Blossom & Joyous Spring, don a katse masa hanzari. Gwanintar ita ce sanin gaɓar da za ka jefa. Ka yi gaggawa ya kewaye ka, ka yi jinkiri ya riga ya gama.

Pokémon ba a sa maka baki a zagayenka. Kai kaɗai kake motsi har ka gama, sannan shi ma ya yi nasa. Tunanin na gaba ne: wa zan loda wa kuzari yau don jibi, ganima nawa ta rage masa, idan na ba shi wannan ƙaramin ya ci zan samu zagaye guda na shirya babban? Wanda ya saba dara zai gane wannan nan da nan, don a can ma akan bar wa mutum ɗa guda ya ci a kama shi a gaba. Yu-Gi-Oh! ya fi kama da gardamar lauyoyi: ka ce, na ce, ka kawo hujja a kan hujjata, sannan a warware daga ta ƙarshe a koma ta farko. Haka dokar take kuwa, katin da aka buga a ƙarshe shi ke fara aiki.

Wanne ya fi sauƙin koyo, musamman ga wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba?

Pokémon, ba ko tantama. Rubutun katinsa gajere ne, lambobin manya, kuma alamomin wuta da ruwa da ciyawa suna bayyana kansu. Ƙanena ɗan aji biyar na firamare a yamma ɗaya ya kama, abin da ya rage masa kawai haɗa lissafin duka, wanda shi ma riba ce, don tara 30 da 60 a ninka biyu ya fi shiga kansa a kan tabarma fiye da a allo.

Katin Yu-Gi-Oh! na yanzu kuwa rubutu ne cunkus, ƙanana kamar na takardar da ke cikin kwalin magani. Tun 2011 Konami ya tsara yadda ake rubuta su, har ruwa biyu da waƙafi mai ruwa suna da hukunci: abin da ya zo kafin ruwa biyu sharaɗi ne, abin da ya zo kafin waƙafi mai ruwa farashi ne da za ka biya. Mun taɓa kwashe rabin sa'a muna musu a kan kalma ɗaya, ko "idan" ce ko "lokacin da", kuma musun yana da tushe, don a wasan ba ɗaya ba ne. Mai son irin wannan zai ji daɗinsa ƙwarai. Wanda ba ya so zai tattara ya tafi.

Ba caca ba ce?

Kawuna ne ya fara yi mini ita. Ya tsaya a bakin zaure ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai, wanga wasa naku, mi yar raba shi da caca?" Na ce, "Kawu, zauna in nuna maka." Tambaya ce mai nauyi, balle a jiha irin tamu da ta bi sahun Zamfara wajen ƙaddamar da shari'a, kuma bai kamata a amsa ta da dariya ba.

A cikin wasan kansa ba a zuba kuɗi, ba a cin katin kowa. Ganimar nan shida ta Pokémon da take sa mutane zargi, daga daminka ta fito, hannunka take komawa. Idan an tashi kowa ya tattara nasa cif yadda ya zo da su. Dokokin gasa na kamfanonin biyu sun hana yin fare. Magic ma da ya fara da dokar cewa wanda ya ci ya ɗauki katin abokinsa, daga baya ya watsar da ita saboda wannan dalili. Amma yara sukan ƙirƙiro tasu, su ce wanda aka ci ya ba da kati. Wannan kam caca ce ko da me aka yi ta, ko da ƙwallon goruba ne, kuma a zaurenmu ba a yi.

Inda maganar take da ƙarfi shi ne fakiti. Ka ba da kuɗinka a kan abu a rufe, kana fatan katin da ya ninka kuɗin sau goma, galibi kuma ka tarar da tarkace. Cinikin biri a sama ke nan. Mutumin Argungu ya san ba a sayen kifi yana cikin ruwa. Na ga yadda buɗe fakiti yake kama mutum, ya ce bari in ƙara ɗaya, sai ɗaya ta zama biyar. A 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta haramta Pokémon, kuma caca tana cikin dalilan da ta kawo, tare da batun rikiɗar halittu da ta danganta da ra'ayin Darwin, da wasu alamomi da ke jikin katunan. Yu-Gi-Oh! shi ma yana da nasa abin dubawa: sunan sihiri a fili, hotunan matsafa da aljanu, da katuna masu sunan allolin tsohuwar Masar kamar Ra. Bai dace a ɓoye wa iyaye wannan ba. Uba ya karɓi katunan ya duba da idonsa, ya kai wa malamin da ya amince da shi, fatawa tasu ce. Abin da muka tsayar wa kanmu shi ne: ba fare, ba mu sayen fakiti a rufe sai dami da aka rubuta abin da ke ciki ko kati ɗai-ɗai da muka gani, kuma da an kira magariba an naɗe tabarma ko wasa ya kai ina.

Kawu bai ce komai ba ranar. Ya dai ɗauki Pikachu ya juya shi, ya ce ɓera ne, ya ajiye.

Wanne ya fi cin kuɗi?

Idan wasan gida ne, kusan ɗaya. Idan kana son dami irin na 'yan gasa, Yu-Gi-Oh! ya fi tsada a mafi yawan lokuta. Pokémon yakan buga kati ɗaya kala biyu ko uku: na talaka mai araha, da mai ƙyalli da zane na musamman don masu tarawa, kuma aikinsu a fili ɗaya ne. Konami kuwa yakan fito da katin da kowa yake bukata a sahun masu wuyar samu, sai bayan an daɗe ya sake buga shi da araha.

Kowanne kuma yana da hanyar da yake tilasta maka sabon saye. A Pokémon akwai ƙaramin harafi a kusurwar ƙasa ta hagu. Kowace shekara ana sallamar harafin da ya fi tsufa daga babbar gasa, katunansa su yi ritaya. Yu-Gi-Oh! ba ya ritaya, katin 2002 yana iya shiga fili yau, amma akwai jerin da Konami yake sabuntawa lokaci-lokaci: wannan an haramta, wannan guda kawai, wannan biyu. Kana iya tara kuɗi ka gina dami, jeri ya fito ya karya masa ƙashin baya. Ga kuma hauhawar ƙarfi a duka biyun. Charizard na farko ransa 120 ne, na yanzu ya haura 300. Mu da muke biya da naira a kan kayan da aka yi wa farashi da dala, kowane irin wannan sauyi sau biyu yake dukanmu.

Sauƙin da muke da shi a nan shi ne ba alƙalin gasa a kanmu. Tsohon harafi da sabo duk muna bugawa, muddin dami biyun sun yi kusa a ƙarfi.

Me zan fara saya?

A Pokémon nemi Battle Academy. Kwali ɗaya ne mai dami uku da allon shimfiɗawa da littafin da ke bi da kai mataki-mataki, mutum biyu za su fara wasa a ranar. A Yu-Gi-Oh! nemi Structure Deck. 'Yan wasa sukan sayi iri ɗaya har uku su tsince mafi kyau su haɗa dami guda, amma don koyo, biyu mabambanta sun isa. Akwai kuma Speed Duel, mai rai 4000 da ƙaramin dami da gurbin dodo uku, an rage masa rikici sosai. Ɗan ludo ko tsaba za su yi maka aikin ƙirga rauni, kwabo kuma na jefawa.

Ina ake samu, kuma ta yaya zan gane jabu?

Mu dai ta intanet muke oda daga masu sayarwa a Legas da Abuja, a ba direba saƙo mu karɓa a tasha, ko mu roƙi wanda zai dawo daga waje. Wanda ya samo ta wajen Kwatano ko Yamai kada ya yi mamaki idan ya ga na Faransanci, inda Charizard ya koma Dracaufeu. Ba jabu ba ne don wannan.

Jabu kuwa ya fi na gaske yawa a kasuwa, ni ma an taɓa yi mini. Na ga wani yana tallar kati ɗari a farashin da ko fakiti biyu ba zai saya ba, kwaɗayi ya ja ni na tura kuɗi. Da saƙo ya iso, kowane kati yana ƙyalli kamar takardar alawa, wani Pikachu an rubuta masa rai 9000. Araha ba ta ado. Ga abin da nake dubawa yanzu. Katin Pokémon na gaske yana da siririn baƙin layi a tsakiyar takardarsa idan ka kalli gefen da kyau, shi ya sa hasken tocila ba ya ratsa shi sosai, na jabu kuwa kamar fitila. Dubi ɗan ɗigon da ke kan harafin é, da kurakuran rubutu, da launin bayan katin, na jabu yakan yi fari-fari ko ya yi shuɗi da yawa. Waɗannan na roba masu ruwan zinariya da ake zubawa a leda ba na wasa ba ne. A Yu-Gi-Oh! akwai ɗan murabba'i mai walƙiya a kusurwar ƙasa ta dama, da lamba mai alƙaluma 8 a ta hagu a yawancin katuna, da lambar jerin a ƙarƙashin hoton. Idan murabba'in fenti ne kawai ba ya walƙiya, ajiye.

Wani abu kuma: Yu-Gi-Oh! gida biyu ne, na Asiya da ake kira OCG da na sauran duniya da ake kira TCG. Jerin haramcinsu daban, kuma ba a shiga gasar wannan da katin wancan.

Gaskiya ne akwai katin miliyoyin daloli? Zan iya yin kasuwancinsa?

Gaskiya ne. A 2021 Ba'amurken nan Logan Paul ya mallaki Pikachu Illustrator a kan dala miliyan 5.275. Amma dubi irin katin: ba a taɓa sayar da shi a fakiti ba, kyauta ce da aka ba waɗanda suka ci gasar zane ta wata mujallar Japan a ƙarshen shekarun 1990, kusan 40 ne duk duniya, kuma wanda ya saya ɗin ne ya samu maki 10 cikin 10 daga PSA, kamfanin Amurka da ke tantance lafiyar kati ya rufe shi a roba. Ɗan farin da ya fito a kusurwa guda yana iya zubar da fiye da rabin daraja.

Ta fuskar tarawa Pokémon ya fi kasuwa, don mutane da yawa suna saye ba su ma san yadda ake bugawa ba. Katin Yu-Gi-Oh! darajarsa ta fi rataya a kan amfaninsa a gasa, ranar da aka sake buga shi ko aka haramta shi farashin ya zube. Amma kai da ke Birnin Kebbi, wa za ka sayar wa? Sai ka aika waje a tantance, ka biya kuɗin jirgi da na tantancewa da dala, ka jira watanni, sannan ka nemi mai saye. Wanda yake da jarin da zai juya, buhun shinkafa a lokacin kaka ya fi masa tabbas.

Ba ni da kuɗin kati. Akwai na waya?

Akwai, kuma saukewa kyauta ne. Yu-Gi-Oh! Master Duel ya fito a Janairun 2022, cikakken wasan ne da dokokinsa, kuma na'ura ce ke yanke hukunci, ba musu. Sai dai yana cin wuri da data da caji, kuma idan sabis ya yanke a tsakiyar karawa an ci ka. Duel Links ya fi sauƙi. A ɓangaren Pokémon akwai TCG Live, shi ne daidai da na tabarma, da TCG Pocket da ya fito a Oktoban 2024: kati 20, maki uku, benci uku, babu katin kuzari a dami, minti biyar an gama. Yana ba da fakiti kyauta kullum, amma shi ma yana da ƙofar sa kuɗi, kuma jarabar buɗe fakitin nan tana nan yadda take. Kada a bar yaro da wayar da aka haɗa da katin banki.

Yaya zan adana su a irin yanayinmu?

Zafin Maris da Afrilu da laimar damina duk abokan gaba ne. Kati mai ƙyalli lanƙwashewa yake yi idan iska ta sauya, don takardar tana shan laima tana kumbura, fatar ƙyallin kuwa ba ta motsi. Sa kowanne a rigarsa ta leda, ka lura girman ba ɗaya ba ne: Pokémon milimita 63 da 88, Yu-Gi-Oh! 59 da 86. Zuba su a gwangwani mai murfi, ka jefa ɗan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka ɗora a sama inda gara ba ta kaiwa. Kada a ɗaure da robar kuɗi, tana cin gefe. Kada a bari a mota da rana. Kuma don Allah kada a kai shagon kwamfuta a yi masa laminatin kamar takardar makaranta. Wani abokinmu ya yi wa katinsa mafi kyau haka don ƙauna, ya kashe shi.

Za a iya haɗa Pikachu da Blue-Eyes a wasa ɗaya?

A'a. Yara suna yi, su ce 3000 ta fi 60, amma wannan wasansu ne.

Kai wanne ka fi so?

Yu-Gi-Oh! na fi so, amma Pokémon na fi bugawa. Ina son lokacin nan da mutum ya miƙa hannu zai kai hari, ya kalli katina biyu da ke kife, ya janye hannun, alhali ni na san ba komai a ƙarƙashinsu. Pokémon ba shi da wannan. Sai dai duk wanda na zaunar na koya wa Yu-Gi-Oh! na zamani, Asabar ɗaya yake zuwa. Waɗanda na fara da su da Pokémon su ne har yau suke sallama a zauren, har da ƙannenmu mata da suke karɓar dami su shiga cikin gida su buga tsakaninsu.

Da muka ga haka sai muka koma wa tsohon Yu-Gi-Oh!. Akwai masu buga shi da katuna da dokokin 2005 kawai, suna kiran tsarin Goat, wato akuya, saboda wani kati mai suna Scapegoat da ya yi tashe a lokacin. Babu Synchro, babu Link, dodo guda a zagaye, tarko yana da daraja, wasa yakan kai zagaye goma ko fiye. Katunansa da yawa an sha sake buga su, don haka ba su da tsada. Da shi muke buɗe zama yanzu, idan yara sun taru kuma a koma Pokémon har a kira salla.